Ciwon Cikin Kyanwa: Abincin Da Ke Kwantar Da Mai Gadin Rumbu

AZARE, Jihar Bauci.

Da zarar an gama girbi a ƙasar Katagum, buhunan gero da dawa da wake da gyaɗa suka fara kwararowa Azare daga Gamawa da Itas da Gadau da Giyaɗe da Shira, sai aiki ya tashi wa wata ma'aikaciya wadda ba ta cikin littafin albashin kowa, watau kyanwa. Da wuya mutum ya zaga shagunan hatsi na garin bai yi kiciɓis da ita ba, tana kwance bisa buhu kamar mai barci, alhali kunnuwanta na aiki. Ba banza ba Bahaushe ya kira ta mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Haka abin yake a tsohon garin Katagum da ke bakin kogin Jama'are, inda gadon sarautar da Malam Zaki ya kafa ya zauna kafin a mai da shi Azare a zamanin Turawa. Can ma aikinta ya fi yawa, domin bayan rumbu akwai bandar kifi, wadda ɓera ke so kamar ransa.

To, amma wanda ya lura da kyau zai ga da yawa daga cikin waɗannan kyanwoyi ba su da lafiya. Wata ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya tashi birci-birci. Wata kullum zawo, wata kuwa da ta ci sai ta amayar. Maigida ya duba ya ga ɓera na wasa a gabanta ba ta ko ɗaga kai, ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Sai ya ce ta lalace, ko kuwa an yi mata baki, ya sa yara su jefa ta cikin buhu su kai ta bayan gari. Sau da yawa kuwa laifin yana cikin kaskon da ake zuba mata abinci.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa mazauna Kurmi kamar yadda ta shafi na gida. Mai shayi a Agege ko Idi Araba, mai sayar da wake da albasa a Mil 12, ɗan goro a Shagamu, mahauci a Sabo ta Badun, kowannensu yana da kayan da ɓera ke yi wa ɓarna. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga buhu ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta hanyar fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. A shekarun 2022 zuwa 2024, jihohi uku ne suka fi kowa yawan masu cutar a lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, watau Ondo da Edo da Bauci. Biyu a Kurmi, ɗaya a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin dabarun rage ɓera, tare da rufe hatsi a mazubin da ba ya huduwa da zubar da shara nesa da gida. Kyanwa ita kaɗai ba ta isa rigakafi ba, amma marar lafiya ko wannan ɗan taimakon ba ta iya bayarwa.

BA A SAN CIKINTA BA

Ba mugunta ke sa mutanenmu cutar da kyanwa ba. Kowane almajiri ya san labarin matar nan da ya zo a Buhari da Muslim, wadda ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ta hana ta abinci, kuma ya san dalilin da ya sa ake kiran babban sahabin nan Abu Huraira. Saboda haka akan ba ta abin da ake ganin shi ne mafi daraja a gida: madara, sauran tuwo da miya, kan kifi, guntun tsire. Matsalar ita ce Allah bai halicci cikinta irin na mutum ba, ko ma irin na kare.

Kyanwa maciya nama ce tsantsa. Haƙoranta 30 ne, dukansu na kamu da yanka, babu na niƙa. Yawunta ba ya fara narkar da hatsi kamar yadda na mutum ke yi, hanjinta kuma gajere ne. Ko zaƙi ba ta ji a harshenta, kamar yadda masana a Amurka suka tabbatar a 2005. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin, wanda jikin mutum ke iya haɗa wa kansa, ita kuwa dole sai ta same shi cikin nama. A 1975 aka gano rashinsa na makantar da kyanwa, a 1987 kuma likitocin dabbobi a Kalifoniya suka gano yana kumbura mata zuciya har ya kashe ta. Babu shi a gero, babu shi a dawa, babu shi a wake. Saboda haka kyanwar da ake ciyarwa da tuwo zalla tana iya cika ciki kullum amma yunwa na cin ta a ɓoye. Ba a ce loma ɗaya ta tuwo ko dafaffiyar shinkafa guba ce ba, tana iya narkar da kaɗan in ya dahu sosai. A mai da shi abincinta na yau da kullum, nan ne kuskuren.

Akwai kuma masu cewa in an ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba, don haka sai su bar ta da yunwa da gangan. Wannan zance ba shi da tushe. Farauta ɗabi'arta ce, ko da yunwa ko babu. A wani gwaji da aka yi a 1976, an saki ɓera a gaban kyanwoyi suna cikin cin abinci, sai suka bar abincin suka kashe ɓeran, sa'an nan suka koma kan kaskonsu. Wadda yunwa da zawo suka karya ita ce ba ta da ƙarfin tsalle.

MADARA DA NONO

Babbar mai laifi a wurin masu shayi da gidajen da ke kiwon shanu ita ce madara. Akwai wani sukari a cikinta, kusan kashi 5 cikin 100 a madarar shanu, wanda sai da wani sinadari na musamman hanji ke narkar da shi. 'Yar kyanwa tana da wannan sinadari isasshe muddin tana shan uwarta. Da an yaye ta, wajen wata biyu da haihuwa, sai ya yi ta raguwa. Babbar kyanwa in ta sha madara da yawa, sukarin ya wuce bai narke ba, ya jawo ruwa cikin hanji, ya yi tsami, cikinta ya kumbura ya yi ta ƙugi. Cikin sa'o'i 8 zuwa 12 zawo ya ɓarke. Ita kuwa ba ta san haɗa wannan da wancan ba, gobe in an zuba mata za ta sake lashewa, domin maiƙon take so.

Madarar gwangwani ta fi ta shanu tsanani, tun da an rage mata ruwa, sukarin ya kusa ninkawa. Ta gari ma haka take in an dama ta da kauri. In kuma sauran shayi ne aka juye mata, an haɗa mata biyu ke nan, domin abin da ke hana mutum barci cikin ganyen shayi yana tayar mata da bugun zuciya. Nono da kindirmo sun fi sauƙi, saboda tsamin da suka yi ya cinye wani kashi na sukarin, kuma akwai kyanwoyin da ke shan cokali ɗaya ko biyu lafiya lau. Amma wadda aka riga aka san cikinta ba shi da ƙarfi, a raba ta da su duka. Ruwa mai tsabta ya ishe ta, musamman a bazarar Azare da zafi kan haura digiri 40.

MIYA, YAJI DA KIFI

Ta biyu ita ce miya, kuma ta fi madara haɗari domin ba ta nuna kanta da wuri. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanyu ne ko dafaffu ko busassu, dahuwa ba ta kashe gubar. Masana sun ƙiyasta giram 5 na albasa ga kowane kilo na nauyin jikinta ya isa ya fara taɓa jinin. Kyanwa mai kilo 3, giram 15 ke nan, abin da bai kai rubu'in matsakaiciyar albasa ba. Kuma ɗan kaɗan kullum yana taruwa. Sai bayan kwanaki a ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu, tana haki. A lokacin an manta da miyar da ta lasa. Ina miyar da za a dafa a gidan Bahaushe babu albasa? Ƙara da barkono da gishiri da dunƙulen magi da mai, waɗanda ke ƙona ciki su sa amai. Tsire da balangu da kilishi nama ne, gaskiya, amma yajin da ke jikinsu ya ɓata su gare ta. Mahauci ko mai tsire da ke son kyanwarsa, ya yanka mata nata tun kafin a barbaɗa kome.

Kifi kuwa, wanda mutanen bakin kogin Jama'are da masu sayen bandar Hadejiya da Nguru ke ganin shi ne abincin kyanwa na asali, yana da nasa sharuɗɗa. Wasu kifayen kogi in an ci su ɗanyu suna lalata wani bitamin da ƙwaƙwalwa ke bukata. Kyanwar da ta daɗe a kan ɗanyen kifi sai a ga tana tangaɗi, kanta ya lanƙwashe ƙasa, mutane su ce aljanu ne. Dafawa na kawar da wannan. Ƙaya kuma tana maƙalewa a maƙogwaro ko ta soki hanji, haka ƙashin kaza da aka dafa, domin tsagewa yake kamar tsinke. Sa'an nan ga busasshen kifin da wasu marasa tsoron Allah ke fesa wa fiya-fiya don kada ƙwari su ci. Abin da zai sa ƙato ciwon ciki, dabba mai kilo 3 kashe ta zai yi.

A FARA DA TSUTSA

Kafin a ɗora wa abinci laifi duka, akwai abin da ya kamata a fara kawarwa. Kyanwar da ke cin ɓera tana ɗaukar tsila daga jikinsa, tana kuma samun wata irin tsilar in ta haɗiye ƙuma wajen lasar jikinta. Alamar ita ce a ga wasu 'yan farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta ko inda take kwana. Akwai kuma doguwar tsutsar ciki, wadda 'ya'ya ke sha tun daga nonon uwa, ta kumbura musu ciki kamar tulu. Ko wane irin abinci aka canza, in tsutsa na nan zawo ba zai tsaya ba. Likitocin dabbobi na ba da shawara a ba kyanwa mai farauta maganin tsutsa akalla kowane wata uku, gwargwadon nauyinta.

A nan ne ake samun cikas. Mutumin da zai kora saniya ko rago zuwa asibitin dabbobi ba tare da wata damuwa ba, kunya yake ji a gan shi ɗauke da kyanwa cikin kwali. Sai ya shiga kemis ya sayo maganin mutane. Wannan kuwa ganganci ne. Farasitamol, irin su Panadol, wanda ke sauke wa yaro zazzaɓi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka wasu magungunan ƙuma da kaska na karnuka da shanu. Kunyar minti goma a gaban malamin dabbobi ta fi asarar mai gadin buhu ɗari sauƙi.

GWAJIN NAMA ƊAYA

In an ba da maganin tsutsa, an janye madara da miya, mafi yawan masu ɗan ɓacin ciki na kwana biyu sukan warware da abinci mai sauƙi: tsokar kaza ba fata, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba mai, a yayyanka ƙanana, a ba ta kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Ana iya murje mata ƙaramin cokali na dafaffiyar kabewa a ciki don kashin ya haɗu. Kada a zubar da romon, domin tawurin ɗin nan yakan fita cikin ruwan dahuwa. Kada kuma a ce za a bar ta da yunwa don cikin ya huta. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse na taruwa a hantarta, wannan kuwa ya fi zawon muni.

Amma akwai wadda za a yi wa duk wannan, ciwon ya lafa ya dawo, mako da makonni, wani lokaci har da ƙaiƙayi a kai da wuya da kunnuwa, tana susa har ta ji wa kanta rauni. Irin wannan mai yiwuwa jikinta ne ya ƙi wani nau'in nama, kamar yadda ake samun mutumin da gyaɗa ko ƙwai ke tayar wa da borin jini. Abin ba ƙarami ba ne. A Jami'ar Massey ta ƙasar Niyu Zilan, wani bincike da aka buga a 2001 ya duba kyanwoyi 55 masu daɗaɗɗen amai ko zawo, aka tarar 16 daga cikinsu abinci ne ke jawo musu. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin likitoci ya nuna naman shanu da kifi da kaza su ne kan gaba. Watau dai abubuwan da aka fi ba ta.

Hanyar ganewa ba ta bukatar na'ura, haƙuri take bukata. A zaɓi nama guda wanda ba ta saba ci ba. A ƙasar Guddiri wannan ba wuya: in shanu da kifi ta saba, a koma akuya ko rago ko zomo. A dafa shi da ruwa zalla, a ba ta shi kaɗai, babu ɗanɗanen kome daga hannun yara ko maƙwabta. Babbar kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana bukatar kimanin giram 100 zuwa 150 a yini. In abinci ne sanadi, ciwon ciki yakan lafa cikin mako biyu, amma ƙaiƙayin fata yakan ɗauki har mako takwas. Bayan ta warke sai a dawo mata da tsohon abincin, iri ɗaya a lokaci guda, a zuba ido 'yan kwanaki. Wanda ya tayar da ciwon, shi ne ɓarawon, a raba ta da shi har abada. Wahalar gwajin ga kyanwar kasuwa ita ce yawo, domin tana bin shago-shago kowa na jefa mata abin da ya samu. In ba a killace ta a ɗaki ko sito ba, an kuma roƙi maƙwabta su kama hannunsu, aikin banza za a yi.

Sai dai tsoka zalla abincin gwaji ce, ba ta zama ta dindindin ba. Ɓeran da kyanwa ke ci a daji yana zuwa da ƙashinsa da hantarsa da zuciyarsa, kome a haɗe. Tsoka kaɗai ba ta da sinadarin gina ƙashi, 'ya'yan da aka raina a kanta ƙafafunsu na lanƙwashewa. Don haka bayan an gano naman da ya karɓe ta, a riƙa haɗa mata da zuciyar dabbar, wadda ke cike da tawurin kuma mahauta ba sa tsauwala mata kuɗi. A dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi lilis, a barbaɗa kimanin rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama. Hanta kuwa ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako. Kyanwa na son hanta kamar me, amma in ta yi yawa bitamin ɗin cikinta na sandarar da ƙashin wuya har ta kasa juyawa ta lashi jikinta. 'Yar ƙarama da mai ciki da mai shayarwa, kada a yi musu wannan gwaji sai da sanin likita.

NA KANTI

Mazauna Ikko da Badun da Fatakwal suna ganin abincin kyanwa na gwangwani da na leda a manyan kantuna, yawancinsa daga waje, da tsadarsa. Mai hali yana iya saye, kuma wanda aka rubuta a jikinsa cewa cikakken abinci ne ya hutar da mutum daga lissafin ɓawon ƙwai da hanta. Amma a sa wanda ya iya Turanci ya karanta jerin kayan haɗin, ba hoton da ke gaba ba. Gwangwanin da aka zana wa rago sau da yawa akwai kaza ko kifi a ciki, kuma ga kyanwar da jikinta ya ƙi kaza wannan ya isa. Akwai na musamman da likitocin dabbobi ke rubutawa, wanda aka farfasa naman cikinsa ƙwarai yadda jiki ba zai gane shi ba balle ya ƙi shi. Na kare bai dace da ita ba. Busasshen na leda yana bukatar ruwan sha a kusa kullum, kuma a danshin Kurmi yakan yi fumfuna in an bar bakin ledar a buɗe. Kowane sabon abinci a shigo da shi sannu a hankali, ana gauraya shi da tsohon ana ƙarawa har mako guda, domin canjin gaggawa shi kansa yana kawo zawo.

Akwai alamun da ba na jira ba ne. Jini a kashi ko a amai, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin abinci fiye da yini guda, dasashi fari ko rawaya, ko a tsunkuli fatar bayan wuyanta a saki ta ƙi komawa, alamar ruwan jikinta ya ƙare. 'Ya'ya ƙanana in amai da zawo suka kama su tare, akwai wata annoba ta kyanwoyi da ke kashe su cikin kwana biyu ko uku, tana da allurar rigakafi, kamar yadda ciwon haukan kare ke da tasa. Mace mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai ƙwayar cuta a ciki da ke iya taɓa ɗan tayi, kuma a ware mata wurin kashi da yashi nesa da buhuna.

Masu shaguna da yawa kan haɗa kyanwa da maganin ɓera a sito ɗaya, suna ganin ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Ɓeran da ya ci guba yakan fito yana layi, shi ne mafi sauƙin kamu, gubar kuwa tana bin namansa zuwa cikin wadda ta cinye shi. In dole ne a zuba magani, a kulle kyanwar a wani ɗaki da abincinta da ruwanta, sai an tsince matattun ɓerayen da shebur ko da leda a hannu, an binne su da zurfi, an share ragowar maganin, sa'an nan a sake ta ta koma bakin aiki.